Sauron da Ya Ƙi Mutuwa

A bayan shagon maganin ƙwari na mahaifinsa ya fara ganinta, tsugune a bakin kwata cikin farar riga, tana ɗibar ruwan datti da ludayi tana zubawa a kwalba. Mai Feshi ya sauke tankin da ke bayansa.

"Baiwar Allah, in ƙishirwa ce, akwai ruwan sanyi a ciki."

Ta ɗago tana dariya. "'Ya'yan sauro nake nema. A ɗakin bincike nake aiki, kiwonsu muke yi."

"Ni ina kashewa, ke kina reno? Lallai mun zama abokan gaba."

Kafin kwalbar ta cika ya karɓi lambarta. Ya laƙaba mata Uwar Sauro, ita kuma tana ce masa Dodona.

Da soyayya ta yi nisa, ta kai shi wurin aikinta. Ta saki sauro cikin kwalbar da aka shafe da irin maganin shagonsu. Ya zuba ido yana jiran su zube. Kaɗan ne suka faɗi, sauran suna ta shawaginsu.

"Jabu ne?" ya tambaya.

"Mai kyau ne. Shekara da shekaru abu ɗaya kuke fesawa. Masu rauni sun mutu, masu jurewa suka rayu suka hayayyafa. Jikokinsu kake kallo."

Da sakamakon binciken ya fita a rediyo, ciniki ya ja baya. Ranar da Mai Feshi ya kawo maganar aure, Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Yarinyar da ta ce maganina ruwa ne? Da ruwan na ciyar da kai har ka yi gemu. Tsani ta yi da kai, sakarai."

Yayarsa ta ƙara gishiri, ta ce ta ga yarinyar a motar likitan da ke shugabantar wurin aikinta. Zuciya ta ɗebe shi ya tura mata saƙo:

"Ashe kwatarmu kika zo nema, ba ni ba. Allah ya bar ki da likitanki."

Ta amsa: "Dodona, likita ya neme ni, na ce masa akwai mai ni. Yi fushinka, amma ka rataya wa ɗan Yaya gidan sauron da na aiko. Sabon samfuri ne. Don Allah."

Bai amsa ba. Baba kuwa da ya ga gidan sauron, ya wurga shi bayan kwalaye.

"A gidan mai maganin sauro? So take a yi mini dariya. Ɗauki tanki ka feshe ɗakin."

Ya feshe, duk da abin da idonsa ya gani a kwalba.

Da damina ta kankama zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron, wanda ko tafiya bai gama koya ba. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi a naɗe.

Uwar Sauro ta zo ta'aziyya. Yaya ta riƙe hannunta tana kuka. A bakin ƙofa Mai Feshi ya tare ta, muryarsa a dushe.

"Saƙon da na tura miki..."

"Bar shi. Ka ci abinci kuwa?"

Ya girgiza kai, hawayen da ya riƙe tun a maƙabarta suka zubo.

Baba da ƙafarsa ya je wurin iyayenta neman aure. Ba wanda ya sa shi, bai kuma ba kowa haƙuri ba.

Bayan ɗaurin aure suka durƙusa a gabansa. Ya rame, hularsa har ta yi masa yawa. Ya daɗe yana kallon tabarma.

"'Yata," ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuriya, ya ra..."

Ya sunkuyar da kai.

Daga bakin ƙofa Yaya ta ƙarasa masa. "Ya raya muku."

Suka ce amin.