Kunamar Da Ta Dawo Hannun Mai Walda

Na san ba za a yarda da ni ba, domin masu baza labarin sun riga ni isa kunnuwan jama'a. Duk da haka zan faɗa: zanen da ke hannun surukina ya ɓace fat a gaban shaida, ya sake bayyana tun kafin la'asar, kuma babu tsafi a ciki, babu yaudara. Ni da na shugabanci makarantar 'yan mata har na ajiye aiki ba a taɓa nuna ni da yatsa ba, ba zan zauna ana cewa na aurar da autata ga matsafi ba, balle a ce ni na sa a ƙona ɗan mutane a falona.

Yaron mai walda ne. Gyaran ƙofar gidanmu ya kawo shi, ya ga Auta, ita ma ta gan shi. Na bincika asalinsa da halinsa, ban sami abin ƙi ba. Ranar da ya zo gaida Baffa, yayan marigayi mijina kuma waliyyin Auta, aka kira salla, yaron ya durƙusa a bakin famfon tsakar gida zai yi alwala, ya naɗe hannun riga. Sai ga baƙar kunama kwance daga wuyan hannunsa har kusa da gwiwar hannu, wutsiyarta a tanƙware.

Baffa ya saki buta.

"Wannan mene ne? Kai, tatu ne nake gani?"

"Ƙuruciya ce, Baffa. Abokai suka ja ni, na daɗe ina nadama."

"Nadama? To ka saurara! Ranar da hannun nan ya koma yadda Allah Ya halicce shi, a zo mini da maganar aure. Kafin nan, ko inuwar gidan nan kada ka taka!" Ya juyo gare ni. "Malama, binciken naki na 'yan boko ke nan?"

Auta kuwa ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba, sai kuka.

"Momi, wallahi ya canza! Filis ki yi wa Baffa magana!"

"Baffanki bai ce a'a ba, sharaɗi ya kafa. In yaron yana sonki, zai cika shi."

Bai yi gardama ba. Ya nemo asibitin fata inda ake cire zane da na'urar lesa, Baffa kuma ya wakilta babban ɗana, wanda muke kira Babba, ya je ya gani da idonsa. Babba yana da kirki, amma akwai shi da garaje, kuma ya tsani a ce masa maƙaryaci.

Ga abin da ya faru a ɗakin. Likita ta ba kowa baƙin tabarau, ta ɗora ƙanƙara a hannun, sannan ta kunna na'urar. Tas! Tas! Tas! Ɗakin ya ɗauki ƙauri kamar na gashin da ya taɓa wuta. Mai Walda ya ciji hularsa, gumi yana tsiyaya.

"Dokta, na zaci na san tartsatsi! Wannan ai kakan tartsatsi ne!"

Duk inda hasken ya bi, sai fatar ta koma fari fat, kamar an barbaɗa gishiri. Da aka gama, babu kunama, babu dalilinta. Babba ya yi kabbara, ya ɗauki hoto, ya fice da gudu yana tura wa gurup ɗin dangi: an gama, an cire! Da ya tsaya ɗan jim, da ya ji abin da likita ke faɗa yayin da take naɗe hannun da bandeji: farin nan tururi ne a ƙarƙashin fata, yanzu zai baje, zanen ya dawo. Aikin hasken shi ne farfasa tawadar, jiki ne zai kwashe ta sannu a hankali, kuma sai an yi ta dawowa, ana barin makonni a tsakani.

Mai Walda ya yi ta kiran Babba, layi na cewa yana waya. Kafin ya iso gidanmu, Baffa ya tara ƙannensa da 'ya'yansu a falo, ana ta sa albarka. Auta tana lungun falon riƙe da dutsen guga, tana goge mayafin da za ta saka ta fito gaisuwa. Ni kuma na shigo da tiren lemo, a kan idona aka yi komai.

"Zo nan, ɗan albarka! Kwance mu gani!"

"Baffa, akwai bayanin da zan fara yi. Likita ta ce…"

"Kwance na ce!"

Baffa ya kama bandejin ya fizge. Kunamar tana nan, ta kumbura, gefenta ya yi jawur, ta fi dā muni.

"Tsafi ne!" in ji wani.

"Tsafin me? Alli suka shafa, ko hoton ne fek!" in ji ɗan Baffa.

Baffa ya nuna Babba da sandarsa. "Kai! Da kai aka haɗa baki a mayar da ni wawa? Ɗan ƙanena, maƙaryaci?"

Na ga fuskar ɗana ta sauya. Ya daka tsalle ya naushi Mai Walda a baki, jini ya fantsama a labulena. Ya ƙara masa a ciki, ya shaƙe shi, suka kife a kan teburin gilashi, ya tarwatse. Samari biyu suka danne yaron a ƙasa, ɗaya ya take hannun da gwiwa. Mutum ne mai lanƙwasa ƙarfe da hannu, da ya ga dama da ya watsar da su, amma ko yatsa bai ɗaga ba.

"Yaya, ka saurare ni…"

"Ni za ka kunyata? Yau zan cire maka ita da kaina!"

Ina ta ihu a bari, ba wanda ya ji ni. Babba ya ruga lungu, ya fizgo dutsen gugar daga hannun Auta har wayar ta tsinke. Ya dawo ya tsaya a kan yaron, ƙarfen yana huci. Baffa yana zaune, bai ce yi ba, bai ce bari ba.

Mai Walda ya tofar da jini, ya daina motsi.

"In wannan ne zai sa a ba ni ita, ɗora, Yaya. Ɗora!"

Babba ya sauko da ƙarfen zai ɗora. Auta ce ta riga shi. Ta faɗo tsakaninsu ta tare ƙarfen da tafin hannunta. Na ji ƙarar caaa, na ji ƙaurin naman 'yata, sannan ta ƙwalla ƙarar da har yau take tashina daga barci.

Tsawon aikina ban taɓa ɗaga bulala a kan ɗaliba ba. Ranar na jefar da tiren, na wanke fuskar ɗana da mari har sai da ya zube a kan gwiwoyinsa. Sannan na fuskanci Baffa.

"Yaya, tun da na shigo gidanku ban taɓa mayar maka da magana ba. Yau kam zan yi. Amanar ɗan'uwanka ce kwance tana birgima. Yaron nan ya roƙe ka ka ji bayani, ka ƙi. To za ka ji shi daga bakin likita, kuma da ƙafarka za ka je!"

Mai Walda, da bakinsa a fashe, shi ya ja Auta zuwa famfo ya sakar wa hannun ruwa, shi ya tare mana mota. Likitar da ta yi masa aiki da safe ita ta wanke ƙunar. Da ta ji labari, ta dubi Baffa ta ce, "Alhaji, da ƙarfen nan ya sauka a kan zanen, da tabo ya rufe tawadar, aikina ya zama mai wuya, watakila ma ya gagara. Ka zo ranar zama na gaba ka gani."

Ya zo. Na zauna kusa da shi, kowa da baƙin tabarau, shi ya ɗora nasa a kan na karatu. Muka ga kunamar ta yi fari fat. Baffa ya hana a naɗe hannun, ya kafa masa ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Sannu a hankali farin ya baje, baƙin ya taso, wutsiya ta fito. Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge ido da bakin rawani.

"Ashe yaran nan duka gaskiya suka faɗa," in ji shi.

Sharaɗin dai bai janye ba, kuma Mai Walda bai roƙi a janye ba. Aka shiga dogon jira, fiye da shekara. Bayan kowane zama hannun yakan kumbura, wani lokaci ya ɗuri ruwa, ya yi ɓawo, ya yi ƙaiƙayi kamar ya haukace, an kuma hana shi susa ko ɓamɓarewa. An hana rana ta taɓa wurin, don haka yana walda cikin doguwar riga komai zafi. Dangi suka yi ta zuga Auta ta haƙura da shi, masu nema suka yi ta aike, tana cewa, "Sori, an riga ku." Babba, wanda ya yi wata bai iya haɗa ido da ƙanwarsa ba, ya je har shagon Mai Walda ya durƙusa a cikin tarkacen ƙarafa. Daga nan shi ke ɗaukarsa a babur zuwa asibiti.

"Yaya, yau ma za a ɗauki hoton?"

"Rufe mini baki, mai kunama, ko in kayar da kai a kwata!"

Wutsiyar ce ta fara dusashewa, sai ƙafafu, ƙahonnin ne suka yi taurin kai. A ƙarshe likita ta ce iyakar abin da za a iya ke nan: saura wata 'yar inuwa, sai an ƙura ido ake ganinta, kuma mai yiwuwa ba za ta tafi ba. Na shiga damuwa, domin Baffa cewa ya yi sai hannun ya koma yadda aka halicce shi, kuma ban taɓa ganin ya lashe maganarsa ba.

Aka taru a falon nan. Baffa ya kama hannun yaron ya kai shi kusa da taga, ya juya shi, ya ga inuwar. Auta tana tsaye a bayana.

"Auta, zo. Buɗe hannunki."

Ta buɗe. Tabon ƙarfen yana nan a tafinta, fatar ta tattare, yatsu biyu ba sa miƙewa sosai. Baffa ya jera hannayen biyu, ya ce:

"Nasa ya goge da haƙuri. Namu da muka yi da garaje, wa zai goge shi? Na ba ka ita, ɗana. Ku yafe mini."

Auta ta fashe da kuka, Babba ya fita waje yana share ido da hula. An ɗaura aure cikin mutunci, kuma har yau ban ji kansu ba.

'Ya'yana masu karatu, ku riƙe wannan. Kada ku zana wa jikinku a yini ɗaya abin da zai ci muku shekara da azaba kafin ya fita. Ku kuma iyaye da yayye, in mutum ya ce yana da bayani, ku bar shi ya kai aya. Gaggawar wanke suna ita ta sa ɗana ya ƙona 'yar'uwarsa, haƙurin yaron nan kuwa shi ya ba shi mata.

Wanda har yanzu yake ganin tsafi ne, ko yake cewa da umarnina aka ɗauko ƙarfe, kada ya tambaye ni, kada ya tambayi 'ya'yana. Ya je wurin Baffa. Tun da aka kawo ni gidansu bai taɓa goyon bayana a kan komai ba, don haka ba wanda zai ce alfarma ya yi mini. Yana zaune a ƙofar gidansa kullum bayan la'asar, kuma shi zai fara ba ku labarin tun kafin ku gama sallama.