An Sayar da Gida da Mutanensa a Ciki

Bayan sallar isha'i Bilki ta ji ƙarar. Ƙulum! Sai shiru. Can kuma, ƙulum! Ba kwaɗo ba ne, don kwaɗin garin Isa sun daina kuka tun da fari ya zarce, har jakuna suka koma cin kwali a kasuwa. Ta ɗauki tocila ta fita.

A gefen zaure, bakin rijiyarsu, ta tarar da wani saurayi durƙushe, ya karkata kunne, da tsakuwa a hannunsa.

"Bawan Allah, mi kaka yi ma rijiyarmu?"

"Gaishe ta nika yi," in ji shi. "Kowace rijiya da muryarta. Wagga kam ƙosassa ta."

Ta so ta yi faɗa, dariya ta riga ta. Sunansa Labbo, daga Sabon Birni, yana kai kaya Nijar a motar kawunsa.

Haya Bilki da mahaifiyarta Inna Saude suke yi a gidan wani mutum, Malami, tun da rashin tsaro ya koro su daga Gatawa. Sun sami rijiyar a ƙafe. Mahaifin Bilki ne ya yashe ta, ya yi ta haƙa har ruwa ya ɓullo. Malami ya riƙe hannunsa ya ce wannan aiki shi ne kuɗin hayarsu har damina biyu. Ɗaya ta wuce, mahaifin ya rasu.

Labbo ya fara zuwa zance. In ya tafi, sai saƙon waya ya biyo baya:

"Yayyafina, na iso lafiya. Gero duk ya ƙone bakin hanya, zuciyata kaɗai ta ɗanya, saboda ke."

Ita kuma: "Mai jifar rijiya, ka dai ci abinci."

Inna Saude ba ta saki jiki ba. "Namijin da yaf fara gaida rijiya kahin masu gida, ni ban yarda da shi ba."

"Inna, raha ta kawai."

"Awo. Mu je zuwa."

Ranar kasuwa maƙwabciyarsu Laraba ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Kuna zaune? An sai da gidanga! Alhaji Na'Allah na Sabon Birni yas saye, kawun Labbonki. Injin ruwa za shi sa ma rijiya shi dinga sai da ruwa."

Kafin la'asar Malami ya aiko: su kwashe kayansu kafin wata ya kama. Alkawarin damina biyu kuwa, shi bai san da shi ba.

Bilki ta zauna a kan turmi. Ashe waccan tsakuwa awo ce. Ta rubuta masa:

"Aiko ka anka yi ka ji ko da ruwa. Ka auna rijiya, ka auna ni. Kada ka koma kirana."

Amsa ta zo nan take: "Gaskiya ta, aiko ni anka yi. Kullum za ni gaya miki, sai bakina shi mutu. Ki yi min rai, Yayyafina."

Ta kife wayar.

Inna Saude ta kai ƙara gun mai unguwa, aka kira Malami da Alhaji. Malami ya gyara rawani ya ce a kawo shaida. Shaidar kuwa yana kabari. Bilki na bayan mahaifiyarta, tana lissafin inda za su nufa, Gatawa ba ta komuwa. Sai Labbo ya miƙe daga gefen kawunsa.

"Kawu, ka yahe min. Gabana Malami yac ce maka da sauran damina guda bisa alkawari, amma mata na, in anka daka musu tsawa sun tashi. Kai ko kac ce to."

Mai unguwa ya dubi Malami da Alhaji. Ya ce ciniki ya tabbata, gida na Alhaji ne, amma sayarwa ba ta kashe haya. Wanda ya sayi gida ya saye shi da alkawarin da ke kansa. Za su zauna su sha ruwansu har wa'adi ya cika, kuma ko a lokacin sai an ba su sanarwa da sararin neman wuri.

Alhaji ya miƙa hannu ba tare da ya dubi Labbo ba. "Makullin mota."

A ƙasa Labbo ya zo zance washegari. Bilki ta tsaya nesa.

"Duk zuwan da kaka yi, kana sane."

"Ina sane."

"Kana shan ruwan da ubana yah haƙa, kana sane."

Ya sunkuyar da kai. "Amma son, ba a aiko ni da shi ba."

Sai da watanni suka shuɗe kafin ta sake yi masa murmushi, Inna Saude kuma ta fi ta daɗewa. Daga baya Inna ta ce, "Wanda yab bar mota don gaskiya, a ba shi."

Mai unguwa ne ya yi walicci. Aka shafa fatiha, aka roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai albarka, aka roƙi Allah ruwa. Mata suka cika tsakar gida da guɗa. Bilki na cikin lulluɓi, farin ciki da wani ɗan ɗaci suna zaune tare a ƙirjinta.

Laraba tana rabon goro, ta tsaya.

"Ni ko ina tambaya. In da Bilki mummuna ta, da yaron nan ya tashi shaida?"

Inna Saude ta ci gaba da kwasar tuwo.