Shirun Hajjo a Aji

Tsorona guda ne: kada aikin hannuna ya raba ni da Hajjo.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, wani reshen jami'a a Isa ya ɗauke ni aiki da difulomata. Nakan zauna a bayan aji ina auna himmar ɗalibai: wa ya ɗaga hannu, wa ya yi tambaya, wa ke gyangyaɗi.

Cikinsu har da Hajjo, 'yar Kamarawa, wadda aka sa mana rana.

Mahaifinta, Baffa Labbo, ya shirya kora shanu kudu neman ciyawa. Ya ce in karatun bai shige ta ba, da ita za a tafi, kuma ni zai tambaya tunda ni ke aunawa.

A aji Hajjo ba ta cewa uffan. Amma da na fita, ta taga nakan hango ta gaban Malam Sodangi mai koyar da su, tana jero tambayoyi, har da dariya.

Zuciyata ta yi ta tafasa.

Na ƙudura gaya wa Baffa abin da na auna. A tafi da ita ma, ta yi nesa da Sodangi...

Na tare ta a gindin dogonyaro, na tambaye ta abin da malamin ya fi ni. Ta juya mani baya, ta ce kafin zuwana ita ke cika ajin da tambaya, in tambayi kowa.

"Yaya, ka san gidanmu," ta ce a hankali. "Yaushe ɗiya ka ɗaga murya cikin mutane, wanda za ta aura na zaune? Kana bayana ko tari ban iyawa. Tara tambayoyina nike sai ka fita."

Ashe kunyar da take ji na nake aunawa.

Na iske Baffa a bakin rijiya, shanunsa duk haƙarƙari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni labarin karatun.

Sodangi ya faɗo mani a rai. In na bar kujerar nan, babu sauran idona a kansu.

"Baffa, babu wanda ya kai ta himma, zamana ne ya rufe mata baki. Gobe za ni roƙi a sauya mani aji. A bar Hajjo ta yi karatunta."