Saurayin Da Ya Ƙi Shiga Gida

Ranar da ya fara zuwa yi wa kajinta rigakafi, ita ce ke miƙo su, shi kuma yana ɗiga musu maganin a ido. Hankalinsa dai ba ya kan aikin, har sai da ta ce, "Likita, wannan ai ka yi mata tun ɗazu."

Kunya ta kama shi, ya hau gyara murfin kular ƙanƙarar da babu abin da ya same ta. Daga ranar, ko atishawa kaza ta yi sai ga shi. Uwar Kaji yake kiranta, sunan kuwa ya dace, don tun suna 'yan tsaki take rainonsu, ƙwansu ne duk abin da ta dogara da shi.

Da maganar aure ta taso, Abbanta ya fi karkata ga ɗan amininsa mai sayar da abincin kaji, gwanin doguwar gaisuwa. Da ƙyar Umma ta shawo kansa ya sa wa Likita ranar zuwa gaishe shi.

Ranar an gyara falo, Abba na zaune yana jira, sai saƙo ya shigo wayarta.

"Uwar Kajina, ki yafe mini. Cuta ta ɓarke a gonar da na wuni, kaji sai faɗuwa suke. Ba zan shiga gidanku yau ba."

"Ai ka yi wa nawa rigakafi. Ka zo don Allah, Abba ba ya sa rana sau biyu."

"Na ƙarshen bai gama kama jikinsu ba. Ina tsoron abin da zan kwaso miki."

Ranta ya ɓaci sosai, ta ga kamar zamewa yake son yi. Abba ya ce magana ta ƙare, ta shige ɗaki ta sha kukanta.

Can da yamma aka yi sallama. Abba ya fita ya tarar da Likita durƙushe a tsallaken titi. Ya ƙarasa ya miƙa masa hannu, Likita ya ja da baya.

"Hannun nawa ma ba za ka karɓa ba?"

"Abba, na san kai kake taya ta kwashe ƙwai da safe. Gara ka yi fushi da ni da in zama sanadin asararta."

Abba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya koma bakin ƙofa ya ce, "A miƙo mini kujera."

Nan suka gaisa, titi na tsakaninsu, ita kuwa tana bayan ƙyaure tana dariya da guntun hawayenta.

Cutar ta lafa, kajinta ko ɗaya ba ta faɗi ba. Ranar ɗaurin aure Abba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki.

"Yadda ka tsare mata kajinta, ita ma ka tsare mini ita. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."