Fuskar Araceli a Bangon Matattu

Ranar da labarin ya iso wa Araceli tana murza ƙullin masara a kicin, ba a daɗe da binne yayarta Noemí ba. Maƙwabciyarsu Doña Chayo ce ta leƙo ta taga.

"'Yar nan, je ki bangon bayan coci. An zana ki cikin matattu."

A unguwar Pilsen ta Chicago, duk wanda ya rasu sai a zana fuskarsa a bangon nan. Mama ta ba mai zanen hoton da 'yan matan suke tare, shi kuwa ya ɗauki wadda ke raye.

Ta je hannunta duk gari. Ga ta can sama tana murmushi, tsakanin wani tsoho da wata jaririya. Mai zanen, Efraín, ya waiwayo daga kan tsani, burushi ya suɓuce masa.

"Da raina," ta ce. "Goge ni."

"Kin san ba a goge fuska a nan. Ba wanda ya san abin da zai biyo baya."

Abin da ya rage shi ne ya zana Noemí a gefenta. Kullum Araceli takan zauna a gindin tsanin tana gaya masa yadda yayarta ke karkata kai, da wushiryarta. Tana kuka yana haɗa fenti. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Fatalwata, kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, makahona. Ka koyi duba hoto."

Amma unguwa ta canja mata. Tsofaffi suna tsallaka titi idan sun hango ta. Motar haya ta wuce ta tana ɗaga hannu, kamar ba kowa a wurin. Ita kanta ta daina haɗa ido da fuskarta ta bango.

Da Efraín ya zo neman aurenta, Mama ko kujera ba ta ba shi ba.

"Ɗaya na binne. Kai ka sa mini ɗayar a layi, kuma ka zo in miƙa maka ita?"

Ya tafi, saƙonsa ya ɗauke. Araceli ta ɗauka ya haƙura da ita, har ta rame.

Ran Lahadi suna fitowa daga coci suka tarar da mutane tsaye a gaban bangon. Efraín ya zana kansa a bangon, hannunsa cikin na Araceli.

"Yaro, ka haukace?" in ji Mama.

"Mama, in kiran mutuwa ne, ya same mu tare. In ba kira ba ne, ku ba ni ita."

Mama ba shi take kallo ba. Noemí take kallo, da kanta a karkace, kamar za ta yi magana. Ta daɗe a tsaye.

"Girarta ta fi haka kauri," ta ce. "Gyara. Sannan ka turo iyayenka."

An ɗaura auren a cocin, aka ci aka yi rawa. Mama ta dafa kawunansu ta ce, "Allah ya sa ku tsufa har bangon ya daina kama da ku."

Har yau baƙi sukan ajiye furanni a ƙarƙashin ma'auratan, a zatonsu sun rasu, suna tausayin ƙuruciyarsu. Kowace safiya Araceli takan tsaya ta tattara su, ta mayar da su gaban Noemí, ta ce, "Naki ne, Yaya," sannan ta wuce aiki.