Uwar Mai Jiran Gado

"Ki yi murna, Sulan. Dattawa sun zaɓi ɗanki."

Mataji ya suɓuce daga hannun Sulan. Ta dubi mahaifinta, Dolu, shugaban dangin Heba, yana tsaye cikin rigar fatar dila, fuskarsa sai sheƙi take yi.

"Baba... ka san abin da kake faɗa?"

"Jikana zai hau gadon sarautar ƙasar Wei. Me kuma kike so?"

"In ga ranar da zai fara hawan doki."

Kowa a fadar Pingcheng ya san dokar. Ranar da aka naɗa yaro mai jiran gado, ranar ake aika wa uwarsa farin siliki ta rataye kanta, wai don kada danginta su yi wa sarauta kaka-gida. Matan fada har roƙo suke yi su haifi mace. Tsofaffi kuwa, da gemunsu da hankalinsu, sai su ce haka suka tarar, su ci gaba da yagar naman rago.

"Kabari irin na sarauniya za a gina miki," in ji Dolu.

"Na gode, Baba. Ka zaɓo mini dutse mai kyau."

Bai jima da fita ba Sarki Tukan ya shigo, ba dogari ko ɗaya a bayansa.

"'Yar makiyaya..."

"Ranka ya daɗe."

"Yau kuma ni ne ranka ya daɗe?"

"Kai dai naka zai daɗe."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kamar da. Shekara tara da suka wuce, a makiyayar arewa, wani matashi ya faɗo daga doki a gaban tantinsu. Ta yi dariya har ta zubar da madarar da take tatsa, ba ta san ɗan sarki ba ne. Ta ba shi tsamin nonon goɗiya, ya yamutsa fuska, ya ce bai taɓa shan abu marar daɗi irinsa ba. Washegari ya dawo neman ƙari. Lokacin ciyawa na kaiwa gwiwa, kuma duk faɗin filin nan babu katanga ko ɗaya.

"Shekarata shida suka kai wa uwata silikin," in ji shi. "Har yau ina jin ƙanshin man gashinta, amma fuskarta ta ɓace mini."

"To ka kalle ni da kyau, masoyina, ka riƙe wa ɗanmu Moti tawa fuskar."

Ya daɗe yana kallon ta. Sai ya miƙe ya fita.

Da hantsi aka taru a babban zaure. Sulan tana bayan labule, Moti ɗan shekara huɗu yana barci a cinyarta.

"Me ya sa ake kashe uwar?" in ji Tukan.

"Don kada danginta su ci sarauta," in ji wani tsoho.

"Ga ubanta nan, shi ya fi kowa zumuɗi. Wa za ku hana me?"

Dolu ya sunkuyar da kai.

"Al'ada ce, ranka ya daɗe. Ba ma taɓa abin da muka gada," in ji tsohon.

"Madalla. Kafin mu gina wannan birni, lokacin da muke cikin tanti, wa ke gadon sarki?"

Dattawa suka dubi juna. Daga ƙarshe tsohon ya ce, "Ƙaninsa."

"Wace al'adar ce ta girmi wata? Ƙanina Kelu ne mai jiran gado. Uwarmu kuwa kun riga kun karɓe ta."

Ba su iya musawa ba, amma ba su tashi hannu wofi ba. Suka ce ɗan sarki ba zai girma a gari ɗaya da Kelu ba, kada a wayi gari da takubba. Uwa da ɗa su koma arewa, kada su sake taka Pingcheng. Sarki kuwa zamansa a fada ne.

Ranar tafiya Dolu bai fito ba. Saƙo ya aiko, cewa ba shi da 'ya.

"Na sayar da gadon ɗanki," in ji Tukan a bakin keken shanu. "Watarana zai tsane ni."

"Zai zo ya kawo mini ƙararka. Ina nan da raina, zan saurare shi."

Sau ɗaya a shekara sarki ke fita farautar kaka a arewa. Kwana goma ne kacal. Sauran kwanakin Sulan takan yi su ne da tumaki, da iska, da yaron da yanzu ya fi ubansa iya zama a sirdi.

A kaka ta bakwai ta hango mahayi shi kaɗai ya baro ayari. Tukan ne, furfura ta fara cin gemunsa. Ya sauko a hankali, yana dafa ƙugu.

"Ko faɗuwa ba ka iya yi yanzu," in ji ta.

Ta miƙa masa ƙwaryar nonon goɗiya. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Har yanzu ba daɗi."

"Kawo."

"Ƙaro dai, 'yar makiyaya."