Ba a Gode wa Magani

Otilia Surdu ta wuni a tsaye a kantin maganinta na garin Orșova, da yamma kuma aka kira ta daga bariki. Laftanar ce a sojan ko-ta-kwana, irin waɗanda ake tuna da su in bukata ta taso. Kububuwa ta sari wani kurtu mai suna Ilarie a wurin atisaye a kan dutse, allurar kashe dafin kuwa tana ƙasa, cikin gari. Ta sa kaki a kan gajiyarta, ta ɗauki akwatin sanyi mai allurar a ciki da jakar magani, ta shiga mota.

Saje Costache direba ya dafe goshi. "Ranki ya daɗe, kan nan zai tsage."

"Giyar jiya ce, Kawu, ba ciwo ba."

Ta ba shi ƙwaya. Ya haɗiye, ya goge baki, ya ce, "Ba zan gode ba, kar ya ƙi ci."

Haka ne daidai. Duk wanda aka yi wa tarbiyya a wajenmu ya san ba a gode wa magani. In ka gode, ka kashe shi. Yaran yanzu ne ke dariya.

Gaba da ƙauyen ƙarshe ruwa ya cinye hanya. Costache ya zauna da motarsa, ita ta kama hanyar awaki a ƙafa. Rana ta faɗa bayan dutse. Takalmin soja na cin dugaduganta. Ƙararrawar tumaki da take ji daga nesa ta yi shiru, sai ta ji warin maganin aidin, da jiƙaƙƙen bargo, da tsohon miki.

Kangon asibitin yaƙin kakanni ne a gefen hanya. Sojoji na zaune a jere a gindin bango, cikin doguwar riga mai launin toka. Ta ɗauka 'yan atisaye ne. Gajiya ba ta bar ta ta lura cewa babu mai irin kakinta ba.

"'Yar'uwa," in ji na farko a hankali, "zazzaɓi."

Hannunta ya saba. Ya shiga jaka ya fito da ƙwaya.

"Na gode."

"Ba a gode wa magani," ta ce, yadda take gaya wa yara a kanti.

"Mu ba ma jiran ya ci."

Ƙwayar ta yi baƙi a tafinsa. Ta marmashe.

Na biyu ya miƙo hannu. Ta ba shi bandeji, ba da sonta ba. Ya gode. Bandejin ya ruɓe kamar ganyen bara.

Babu mai numfashi a cikinsu. Sanyi ake yi, amma bakinta kaɗai ke fitar da tururi.

"Zauna," in ji wani tsoho daga ƙarshen layi. Rabin fuskarsa a naɗe yake. "Kin gaji. Mu ma gajiya ce ta zaunar da mu. An ce mai magani na tafe."

Kafin ta ankara har ta fara niyyar zama. Wurin zama ne a tsakaninsu, daidai mutum ɗaya, busasshe. Rabon da wani ya ce mata ta zauna har ta manta.

Tsohon ya kama hannunta na dama. Kamar an tsoma shi a rijiya.

"Na gode wa hannun nan."

Hannun ya mutu har kafaɗa.

Sannan idonsa ɗaya ya sauka kan akwatin.

"Me ke ciki?"

"Na mai rai ne."

"Ba karɓa zan yi ba, 'yata. Godiya kawai."

Duk layin ya juyo. Bakuna suka buɗe tare.

Usur na rataye a wuyanta. Ta sunkuya ta cafke shi da haƙori, ta busa da duk iskar da ta rage mata. Tana ganin leɓɓansu na motsi. Ba ta ji ba, akwatin ma bai ji ba.

Ta matse akwatin a hammata ta hagu ta ruga, tana busa. In ta ja numfashi sai ta ji su a bayanta, kusa, suna farawa: "Na go..." Sai ta sake busawa. Ta faɗi, ta tashi, leɓenta ya fashe, ba ta saki usur ba sai da ta ga fitilar sansani.

Likitan sansanin ya miƙo hannu, ta ture masa akwatin da ƙafa. Shi ya buɗe, shi ya yi allurar. Kafin gari ya waye kumburin Ilarie ya tsaya. Yana nan da ransa, har ya yi aure.

Hannun Otilia ya dawo yana motsi kamar da. Amma duk maganin da ya bi ta cikinsa, ko na tari ne, ruwa ya fi shi amfani. A kan uwarta ta fara ganewa, da maganin hawan jini, saura kaɗan a yi rashi. Tun daga nan da hagu take sallamar mutane, na daman yana cikin aljihu. In bariki sun kira har yau tana zuwa, amma sai an haɗa ta da wanda zai ɗauki akwati.